Mujiyar Maƙwabcinmu a Karama

Shekarar da na kawo Inna Dubai za a yi mata aikin ido, saura ƙiris mujiya ta wargaza min komai. Mujiya fa, a Karama, unguwar da ba ka ganin komai sai bene da shaguna.

Ana jibi aikin, na dawo gida da azahar na tarar ta ɗaure kayanta tsaf. Wai tun hantsi mujiya ke kuka a jikin bangon ɗakinta.

"Mujiya da rana tsaka, ai magana ta ƙare," in ji ta. "Mai da ni Kano in mutu a ɗakina. Ba mai taɓa min ido."

Raina ya ɓaci. Na ce camfi ne, na ce Inna a saman bene muke, ina mujiya za ta fito? Ban rufe baki ba sai ga kukan, huu-huu. Na kasa kunne, sai na ji ta bangon maƙwabcinmu yake fitowa.

Na je na buga ƙofarsa, wani ɗan Filifin ne mai gadin dare a otal. Ya fito ido jajir. Ashe da rana yake barci, kuma barcin ba ya zuwa sai ya ja labule ya kunna kukan mujiyar dajin duwatsun garinsu a waya. Na koma ina dariya na faɗa wa Inna.

Ko murmushi ba ta yi ba. "Yaushe aka ɗauki kukan?"

"Ya ce da daɗewa."

"To ai wanda ta yi wa kukan ya riga ya tafi. An yi wa maƙwabcin naka gaisuwa?"

"Haba Inna, don Allah!"

Ina! Ta yafa mayafi, ta ɗauki ledar dabino, ta tasa ni gaba in yi tafinta. Ta zauna a ƙasan ɗakin bawan Allah ta ce ya ƙarin haƙuri. Kunya kamar in nutse, na fassara a gurguje.

Sai mutumin ya fashe da kuka. Mahaifinsa ne ya ɗaukar masa kukan a bayan gidansu. Bara ya rasu, bai samu hutun zuwa binne shi ba, kuma duk garin nan ba wanda ya zo ya zauna masa.

Sai la'asar Inna ta tashi. A bakin ƙofarmu ta ce a yi aikin, tunda an san mai mutuwar. Sannan ta juyo kaina.

"Bango ɗaya tsakaninku, ubansa ya mutu ba ka sani ba. Haka za a bar min kai ranar da tawa ta zo?"