Sallama a Ginshiƙi na Goma Sha Huɗu

Aikina duba ginshiƙai ne. Benen da nake yi wa hidima hawa talatin ne da wani abu, amma ƙasansa wayam yake. Babu bango, babu ƙofa, sai ginshiƙan kankare a jere kamar ƙafafun gado, da ramin lifta a tsakiya. In ka tsaya a bakin titi kana hango titin baya ta ƙarƙashinsa. Ranar da na fara aiki na tambayi muhandis, wato injiniyan da ke kula da ginin, wani dattijo ɗan Sudan, ko bulo ne ya ƙare wa magina. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce da gangan aka bar wurin a buɗe, don motocin alhazai su shiga inuwa su kwashi mutane zuwa Mina da Muzdalifa, don kuma ruwan sama in ya gangaro daga duwatsu ya sami hanyar wucewa.

Ya nuna mini rufin da ke kanmu, kankare mai kaurin da ya fi tsayina. Ya ce duk nauyin saman nan a kansa yake sauka, shi kuma ya raba wa ginshiƙan. Ya ce dogon bene ba a sandare yake ba, iska na ɗan rausaya shi, saboda haka kada in bar kowa ya yi gini ko ya tara kaya a jikin ginshiƙi. Duk inda 'yar tsaga ta bayyana mukan manna siririn gilashi a kanta. In gilashin ya fashe, tsagar na tafiya ke nan. Kullum sai na zagaya na duba su ɗaya bayan ɗaya, na rubuta.

Abin da ban gaya wa muhandis ba shi ne a nan aka haife ni. Kakana da ƙafa ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano, bai koma ba, ya kafa gida a jikin dutsen nan na gefen Nakkasa. A gidan na tashi, ina hawa matakala da jarkar ruwa a ka. Babana ya rasu a cikinsa. Bayan shekara biyu ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suka zo suka shafa jan fenti a bangonmu, alamar za a rushe, muka kwashe muka koma wata shaƙƙa, ɗaki biyu da falo, a unguwar Mansur. Sai injuna suka cinye unguwar, suka cinye dutsen da take kai.

Ummata ba ta yi kuka ba ranar tashi. Ba mai yawan magana ba ce, balle da ni, don ni ne ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ƙannena tana kiransu har maƙwabta su ji, ni kuwa in na shigo na yi sallama sai ta amsa, ta ce, "Kai ne?" Iyakar sunana ke nan a wurinta. Da ina yaro abin na ba ni haushi, da na girma na gane kunya ce irin ta mutanen da.

Wata rana da azahar ta sa ƙanena ya sauke ta a wurin aikina, wai ta kawo mini tuwo. Na karɓi kwanon, na ce ta zauna a ɗakin mai gadi akwai sanyi. Ba ta ko dube ni ba. Ta shiga ƙarƙashin benen tana tafiya a hankali. Fili ne fetal a gabanta, amma ta yi taku kaɗan ta karkata dama, ta sake karkata hagu, tana tattare mayafinta kamar mai gudun gogar bango. Na san wannan tafiyar. Lungunmu ne. Da ta kusa ginshiƙi na goma sha huɗu ta sunkuyar da kai, daidai yadda muke yi a ƙofar zaurenmu saboda gajartarta. Ta cire takalmi, ta ce, "Salamu alaikum."

Ta tsaya tana jira. Ni ma na tsaya da kwano a hannu. Can sai ta yi murmushi, ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofar da babu shi, ta zauna a ƙasa ta jingina da ginshiƙin.

Daga ranar ta mai da abin na kullum, kuma sai da tsakar rana, lokacin da ita kanta take hana mu yawo a kango muna yara. A wannan lokacin wurin babu kowa. Iska na saukowa ta jikin benen ta kurɗa tsakanin ginshiƙai tana wani irin gunji, kankare kuma na yin ƙas, ƙas, jefi-jefi. Muhandis ya ce zafi ne ke buɗa shi. Na yarda da shi, amma na lura ba ya son tsayawa a wurin bayan azahar.

Na tambaye ta wa ke amsa mata. Ta ce, "Mai gidan mana. Wa ka taɓa gani na shiga wa gida ba a amsa ba?" Ta ce wani lokaci har maƙwabciyarmu mai sayar da waina takan gaishe ta ta katanga. Matar nan mun binne ta tun kafin a rushe unguwar.

Umma na da ciwon suga. Rannan mai gadi ya same ta a kwance a gindin ginshiƙin, leɓɓanta sun bushe. Likita ya ce in zafi ya sake bugunta haka ba lallai ta tashi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na hana ƙanena kawo ta. Sai ta riƙa tare tasi da kanta. Tsoro ya kama ni sosai, na ga ina kallo wurin nan zai karɓe mini uwa.

Nan na yi dabarar da har yau nake jin kunyarta. Na roƙi muhandis ya fito mini da tsohuwar taswirar filin, wadda aka auna kafin a yanke dutsen. Muka ɗora ta a kan ta yanzu. Ga mamakina, ƙofar zaurenmu ta faɗo daidai kan ginshiƙi na goma sha huɗu, ko taku ɗaya Umma ba ta kuskure ba. Amma gidanmu a tsakiyar dutse yake, kuma an yanke dutsen har gindi. Tsakar gidanmu, in ji ma'auni, tana can sama daidai hawa na bakwai. Inda take zama kuwa cikin dutse ne, wurin da ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Na yi murna kamar wawa. Na ce in ta gani da idonta, ai shi ke nan.

Washegari na tare ta kafin ta cire takalmi. Na ce, "Umma, nan ba gida ba ne. Zo in kai ki gidan na gaskiya." Ta bi ni lifta ba musu. A hawa na bakwai na kai ta ƙarshen baranda, ga kafet, ga sanyin na'ura, ga ƙofofi masu lamba. Na ce, "Nan ne tsakar gida. Wallahi an auna."

Ta cire takalmi. Ta yi sallama. Ta jira. Ta sake yi, ta sake jira. Da ta yi ta uku ta mai da takalminta, kamar yadda ake yi in ba a amsa ba.

Na ce, "Kin gani? Halas, shi ke nan, babu kowa."

Ta dube ni irin kallon da take yi mini in na zubar da ruwa a matakala. Ta ce, "Ya waladi, yaron nan, kai da karatunka. Mutum ya zauna a iska? Da aka yanke dutsen ai saukowa suka yi."

A cikin lifta ta riƙe hannuna, abin da ba ta saba ba, ta ce in daina wahalar da kaina, an riga an share mata ɗakinta. Bayan wannan na daina hana ta. Na sayi tabarma da kular ruwa, nakan zauna nesa kaɗan ina gadinta har ta gama. Ba zafin ne ya ɗauke ta ba. A Mansur ta rasu, a kan gadonta, da safe, wata huɗu bayan nan.

Na ci gaba da aikina. Gilashin ginshiƙi na goma sha huɗu bai taɓa fashewa ba, lafiyarsa lau. Nakan duba shi da sassafe in wuce da sauri. Amma wata rana aiki ya riƙe ni har azahar ta gota. Ina tafe ina duba takarda, ban san lokacin da na karkata dama na karkata hagu ba. Sai ji na yi na sunkuyar da kai, sallama ta fita daga bakina.

Iskar ta ɗauke ɗif. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

Na san abin da muhandis zai ce, kuma ban musa masa ba, ginshiƙai na juya sauti yadda suka ga dama. Da sunana aka kira da na ce mai gadi ne, ko wani direba a bakin titi. Ba a kira sunana ba. Daga ciki, can wajen ɗakinta, a hankali aka ce, "Kai ne?"