Na Yi Kishin Malamar Da Ke Kiran Sunan 'Yata

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina girgiza kai a kan labaran mutane, yau ga ni da nawa. A shekarun farko da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yammata ta jeka-ka-dawo a Daura, kuma ni ce shugabar sashen lissafi. Ba yabon kai ba, a lokacin idan aka ce Malamar Lissafi a unguwarmu ba a tambayar wacce. Ina da zafi, ina da baki, idan na doso aji sai ka ji tsit. Kuma ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Maigidana fataucin dabbobi yake yi, yau Mai'adua gobe Mashi, don haka gidan ma kusan a hannuna yake.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfina, shi ne 'yar farina. A danginmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai wata ta ɗaga shi. Haka na taso na gani, haka na yi. Da aka yaye ta, Inna mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa ƙauyenmu, ba ta dawo hannuna ba sai da za ta shiga sakandare. Idan ina son ta zo sai in ce ke, idan ina maganarta da wani sai in ce 'yar Inna. Ita kuma Malama take ce mini, a gida da makaranta, kamar kowace ɗaliba. Da ta shiga babban aji, da kaina na je na roƙi shugabar makaranta kada a ba ni ajinsu. Ta yi dariya ta ce ta gane, ita ma haka take da nata babban. Allah shi ne shaida ina son yarinyar nan fiye da yadda zan iya rubutawa, amma ban taɓa tunanin so abu ne da ake buƙatar a faɗa ba.

Ajin nasu sai aka ba wata sabuwar malama, 'yar ƙabilar Ibo, Kirista, wadda aka haifa a nan Daura. Mahaifinta na da shagon kayan gyaran babur a bakin kasuwa tun kafin in yi aure. Hausa a bakinta kamar ta kakata, ga mayafi tana yafawa kamar kowa, ga fara'a. Da farko har tausayinta na ji, na ce a raina 'yammatan nan za su cinye ta ɗanya. Ni dai yadda nake koyar da darasin siffofi da kusurwoyi shi ne in rubuta ƙa'ida a allo, a haddace, gobe a kawo mini hadda, wadda ta kasa ta sha bulala. Wata rana na biyo ta bayan ajinsu na ji ana dariya, sai na tsaya a jikin taga don in ga yadda aji ya ƙwace mata. Ashe ba haka ba ne. Karan dawa guda huɗu masu tsawo ɗaya ta ɗaure a bakunansu da zare, ta ɗaga sama, tana koya musu maganar da ake ginawa a kan sharaɗi. Ta ce idan siffa murabba'i ce, to gefunanta huɗu daidai suke, wannan ba makawa. Sannan ta tambaya ko za a iya juya maganar, a ce duk siffar da gefunanta huɗu suke daidai murabba'i ce. Aji ya amsa da e. Sai ta danna karan ya karkace, gefuna na nan daidai, amma murabba'i ya tafi. Ta ƙara musu da cewa duk ɗan Daura ɗan jihar Katsina ne, amma wanda ya ce duk ɗan jihar Katsina ɗan Daura ne, mutanen Mashi za su kai ƙararsa.

Daga nan ta tambayi abin da za a iya cewa da tabbas game da mutumin da ba ɗan jihar Katsina ba ne. Sai ta kira sunan 'yata. Ta kira shi cikakke, da ƙarfi, da daɗi, kamar ita ta raɗa mata shi. Yarinyar ta miƙe fuskarta a sake, ta ce wannan mutum ba ɗan Daura ba ne, domin idan sakamako bai tabbata ba, sharaɗin ma bai tabbata ba. Malamar ta sa aka tafa mata. Ni kuwa a bakin taga nake tsaye ina kallo. Amsar daidai ce, kuma kamata ya yi in ji daɗi. Abin da na ji shi ne kishi, irin wanda ban taɓa yi a kan namiji ba.

Tun daga ranar komai na malamar nan ya zama laifi a wurina. Idan ta shigo ofishin malamai ta ce mini yarinyata gado ta yi, sai in taɓe baki in ce 'yar Inna ce, ba ta san komai ba. Sauran malamai su yi dariya, su ɗauka kunya ce ta al'ada, ni kaɗai na san baƙin ciki ne. A gida kuwa ba a jin komai sai malamarmu ta ce, malamarmu ta yi. Tsakar gidana ya cika da karan dawa da zare, tana tara ƙannenta tana koya musu. Ga ni zaune, shugabar sashe guda, ko sau ɗaya ba ta taɓa kawo mini tambaya ba. Sai ta fara tsayawa bayan an tashi, sannan ta nemi izinin babanta tana zuwa gidan malamar ran Asabar don ƙarin darasi. Wata Asabar Inna ta aiko mana da fura daga ƙauye, ina kallo yarinyar ta zaɓi masu kyau ta ƙulle ta tafi da su. Da ta dawo na jiyo dariyarta tun daga zaure, dariyar da ban san tana da ita ba, tana shigowa ta gan ni ta haɗiye ta.

A nan ne na zauna na yi lissafina, kuma ina roƙon masu karatu su duba irin lissafin da malamar lissafi ta yi. Na ce idan 'ya ta raina uwarta, za ta nemi wata mace ta manne mata. 'Yata ta manne wa wata. Saboda haka ta raina ni, kuma waccan ce ta koya mata. Kuskuren da ake dukan ɗalibai a kansa ke nan, juya maganar sharaɗi a ɗauka tana nan daram. Yarinya na iya manne wa malama saboda dalilai barkatai. Amma mai kishi ba ya neman dalili na biyu, na farkon ya ishe shi.

Ban iya cewa maigida ina kishi ba, wa zai faɗi haka a kan 'yar fari? Sai na ɗauko abin da na san zai yi aiki a wancan lokaci, da kowa ke sa ido a kan kowa. Na ce masa bai dace budurwa tana zarya gidan waɗanda ba Musulmi ba, mutane za su yi da mu. Ya ce shi bai ga aibu ba, ya san uban malamar shekara da shekaru, mutumin kirki ne, kuma karatu ake yi. Da na ga ba zai motsa ba, sai na kai maganar wurin yayarsa, wadda na san bakinta ba ya riƙe ruwa. Kafin mako ya zagayo maganar ta yi ƙafafu, har ta koma wai ana so a juya wa yarinya tunani. Ni ban faɗi haka ba, amma da na ji ban ƙaryata ba. Maigida ya hana zuwa Asabar, ya hana tsayawa bayan an tashi. Wasu iyaye suka fara zuwa wurin shugabar makaranta da tambayoyi. Malamar ta daina dariya a ofis, ta koma cin abincinta ita kaɗai a aji. 'Yata ba ta yi musu ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tattara karan dawan nan nata ta kai murhu, shi ke nan.

A makarantarmu, ranar ba da kyaututtuka ta ƙarshen shekara, kowane shugaban sashe ne ke tsayawa gaban iyaye ya kira sunan ɗalibar da ta zo ta ɗaya a darasinsa. Tun tsakiyar shekara abin ke damuna, domin kowa na cewa 'yata ce za ta ɗauka. Har na shirya cewa ranar zan ce murya ta dishe, in miƙa wa mataimakiyata. To, ba a kai ga haka ba. A zangon ƙarshe makinta ya sauka, wata yarinya ta wuce ta. Na tsaya na kira sunan waccan da murya garau, kuma abin kunya, har sauƙi na ji a raina.

Bayan an watse malamar ta same ni a ofis ni kaɗai. Ta ce ta nemi canjin wurin aiki an ba ta, ta zo sallama. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce ta san ni ce ba, ko da yake idonta ya nuna ta sani. Ta ce akwai amanar da ta ga bai kamata ta tafi da ita ba. Wai tun farkon shekara yarinyar ta tsaya bayan darasi ta tambaye ta ko wannan hujja ta tsayu: idan uwa na son 'yarta za ta kira sunanta, ita ba a taɓa kiran nata ba, saboda haka ba a son ta. Malamar ta ce mata ginin hujjar daidai ne, amma maganar farko ce ba gaskiya ba, domin a garin nan akwai uwayen da kunya ke ɗaure wa harshe, kuma hujja ba ta fin harsashinta ƙarfi. Yarinyar ta ce ta san al'adar, amma tana ganin yadda nake kiran ƙannenta har da sunayen wasa. Bayan kwana biyu sai ta dawo da wata hujjar tana murmushi. Ta ce idan ta zo ta ɗaya, shugabar sashe za ta kira sunanta a gaban kowa, kuma shugabar sashe uwarta ce. Dalilin ƙarin darasin ke nan, dalilin Asabar ke nan. Ta ce ba ta taɓa kawo mini tambaya ba ne don tana so abin ya zo mini ba zato.

Ban tashi daga kujera ba. Ko haƙuri ban iya ba malamar nan ba har ta fita, kuma ban sake ganinta ba. Na koma gida da niyyar in kira sunan ko da sau ɗaya. Na same ta tana wanke-wanke a bakin rijiya, na tsaya a kanta, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne ke, kin ci abinci? Ta ce ta ci, Malama. Shekara ta gaba ta bar ajin kimiyya da kanta. Ta gama, ta yi aure a Katsina, tana girmama ni, ba ta taɓa ɗaga mini ido ba, kuma duk abin da ya dame ta Inna take kai wa har Allah ya yi wa Inna rasuwa.

Abin da na koya shi ne, ba a yanke wa mutum hukunci daga alama, a tambaye shi. Ni na ga alama na gina gida a kanta, na ɓata sunan baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba sai alheri, kuma na fake da addini alhali ciwon zuciyata nake bi. Idan wannan rubutu ya kai gare ta, ina roƙon ta yafe mini. Ku kuma iyaye mata masu kunyar ɗan fari, ban ce ku zubar da al'ada ba, amma ku sani yaro ba ya ganin abin da ke cikin ƙirji, da abin da ya ji yake lissafi. Idan wata ta so ɗanku, ku gode mata. Kada ku jira kamar yadda na jira. Bara ne na kira 'yata a waya, na rufe ido, na faɗi sunanta karo na farko a rayuwata. Sai ta tambaye ni wa ya rasu.