Shekara Biyun Sannu-Sannu

Shekara ashirin da shida yana tuƙa motar ma'aikatan wata masaƙa, ko kaza bai taɓa takewa ba. Don rashin gudunsa suka sa masa Sannu-Sannu, har sunan ya bi shi gida. Allah bai ba shi haihuwa ba. Da matarsa ta rasu sai ya koma ɗakin bakin ƙofa a gidan ƙanwarsa, daga shi sai rediyo da buta.

Wata rana ya fara ganin abu kamar walƙiya a gefen idonsa na dama. Ya ɗauka gilashin motar ne, ya yi ta gogewa. Da abin ya ƙi, ya tafi asibiti shi kaɗai. Likita ta ɗiga magani, ta haska, ta auna.

"Baba, ƙari ne a can cikin idon, kuma na daji ne. Amma bai fi ƙwayar shinkafa ba. Yanzu ne ya kamata a taɓa shi. In ya girma, ya fi saurin bin jini zuwa wani wurin."

"Ganin fa?"

"Zai iya raguwa a wannan idon."

Wa zai bar wa mai ido ɗaya sitiyari? Saura shekara biyu ya ajiye aiki da mutuncinsa. Ya cusa takardar asibitin ƙarƙashin kujerar mota, bai gaya wa kowa ba.

Ya cika shekara biyun. Sati uku bayan haka ƙanwar ta ga yana zuba shayi a gefen kofi.

"Yaya, tun yaushe?"

"Ya ɗan kwana biyu."

Wannan karon likitar ta daɗe tana kallon hoton. Ƙarin ya kai ƙwayar gyaɗa, sai dai a cire idon. Aka cire. Kafin shekara ta zagayo aka gano ya riga ya sauka a hanta.

Ƙanwar ba ta taɓa yi masa gori ba, abin da ya fi cinsa ke nan. Ya rame har agogo na zamewa daga hannunsa. Ran nan tana ba shi ruwa a cokali ya ce, "Auta, da na faɗa miki, da kin ja ni asibiti da ƙarfi ko?"

"Da kunne ma," in ji ta, ta kau da kai.

Ya rasu wata Talata da hantsi, tana tsakar gida tana shanya zanin gadonsa.