Jakunan da Na Kora daga Ƙofata

A shekarun da aka fara kafa En'e a ƙasar Dagwamba, ni mai sayar da goro ne a zangon Yendi, ban gaji ko ƙwarya daga ubana ba. Abin da na tara da gumina shi ne rumfa ɗaya a bakin hanya, huhun goro shida da ke zo mini daga Salaga duk wata, da ayari uku na fataken Bawku masu kwashe su. Da waɗannan na yi caca ban sani ba.

Maƙwabcina fatoma ne, dattijo mai saukar baƙi. Fatakensa, har da nawa na Bawku, kan ɗaure jakunansu a gefen hanya, daidai inda masu tafiya a ƙasa ke bi, har gaban rumfata. Mata masu ɗauko ruwa sai sun ratse zuwa tsakiyar titi, ga shi motoci sun fara shigowa gari. Ranar da wani jaki ya tura baki cikin ganyen da na lulluɓe goro, na fusata. Amma in faɗi gaskiya, har da son ganin ƙwaƙwaf. Ana ta cewa yanzu talaka na iya kai kuka a saurare shi, ni kuwa ina so in ga inda kukan ke bi.

Na bi shi kuwa. Na gaida mai unguwa da goro, ya ce maganar ta fi ƙarfinsa. Sarkin zango ya karɓi nasa goron, ya tambaye ni har sau biyu ko na kwana da maganar. Daga nan aka kai ta fada, aka turo duba-gari ya zo yana auna hanyar da taku, yana toshe hanci. Abin ya burge ni ƙwarai. Ba a jima ba aka yi shela da ganga: daga lambatu zuwa bangon gidaje hanyar mutane ce, wanda ya tsayar da jaki ko amalanke ko mota a nan sai tara. Aka ware wa dabbobi fili a bayan kasuwa.

Da yamma fatoman ya leƙo, ya kira ni ɗansa, ya taya ni murna, wai ƙofata yanzu ta fi ta likita tsabta. Sai ya tambaya ko na taɓa ganin farke ya sayi goro nesa da bayan da zai ɗauke shi. Na yi dariya, na ce wa baba kaya mai kyau shi ke sayar da kansa.

Ashe farke ba ya ciniki inda idonsa ba ya kan jakinsa. Wata mai goro ta kafa rumfa a bakin filin, fatakena suka riƙa gaishe ni daga nesa. Na koma wurin sarkin zango a janye dokar, ya ce ganga ba ta haɗiye abin da ta faɗa, kuma matan ruwa albarka suke sa mini. Na nemi wuri a filin, na tarar ya cika.

Dokar daidai ce, ban musa ba. Amma 'yan'uwana 'yan kasuwa, kafin ku kai ƙarar abin da ke tsaye a ƙofarku, ku binciki abin da ya tsayar da shi. Ni dai huhu shida ya koma biyu, ayari uku babu ko ɗaya. Ribata ƙofa mai tsabta da addu'ar mata masu tulu.