Motar Saje a Gindin Bishiyar Baba Faci

"Kai dai in ka zo wucewa ta gindin bishiyar nan, ka ɗinke bakinka."

"Haba, tsohon nan? Shi fa ya koya min ɗaure sarƙa."

"To koma ya koya maka kwana a bayan kanta. Motar 'yan sandan nan a ina take wuni? A ina take kwana?"

"An ce mai motar mijin ƙanwarsa ne."

"Yauwa, ka faɗa da bakinka. Mu muna zuba a kan bencinsa, shi yana kwashewa yana kai wa suruki. In ba haka ba, wa ya gaya musu takardun babur ɗin Guntu sun mutu?"

"Kai, Allah ya kyauta."

"Amin. Ni dai ko tayata ta tsage gida biyu, gara in tura ta har bakin kasuwa."

Baba Faci na tsugune a bayan katangar famfo yana tarar ruwan da zai zuba a bahon gwajin tiyub lokacin da maganar ta same shi. Bai ga fuskokinsu ba, bai kuma buƙaci gani ba. Muryoyin nan ya san su tun ba su fashe ba. Jarka ta cika ta tumbatsa, ruwa na bin ƙafarsa, bai motsa ba sai da ya ji sun tayar da baburansu sun tafi.

Tun kansa na baƙi ƙirin yake faci a wannan kwanar. Lokacin da ya zo, bishiyar ba ta kai kafaɗarsa ba, shi ya kewaye ta da tsofaffin tayoyi don kada awaki su cinye ta. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: injin iska mai tarin tsufa wanda sai an lallashe shi yake tashi, baho, ƙarafan ɓare taya, gwangwanin gam, sai benci. To bencin nan shi ne arzikinsa. A kansa masu baburan haya suke sauke gajiya, su cire hular kwano su shiga zuba. Wane ya yi faɗa da mai babur ɗinsa, wane takardunsa sun mutu, wane matarsa ta yi yaji. Baba Faci na ji yana goga tiyub, abin da ya shiga kunnensa kuwa ya shiga ke nan, ko matarsa ba ta taɓa jin ɗigon labari daga bakinsa ba. Da wannan sana'a ya riƙe gidansu bayan rasuwar mahaifinsu, ya raini autarsu tun tana fitsarin kwance, har ya aurar da ita ga wani siririn kurtun ɗan sanda mai gaisuwa har ƙasa.

Kurtun nan shi ne Saje a yau. Wuya ya yi kauri, gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga cikin mota.

Motar ta ofis ce, buɗaɗɗiyar baya, da fitila a ka da tambari a ƙofa. An ba shi izinin tafiya da ita gida ne wai don in an neme shi da gaggawa kada ya tsaya neman abin hawa. Sai dai lungun gidansa ko amalanke da ƙyar take shiga. Ranar farko ya gangaro da ita cikin inuwar bishiya, ya kashe, ya leƙo yana murmushi.

"Yaya, ka ɗan sa mata ido. Ai ka ma samu tsaro kyauta."

Baba Faci ya ce to. Me zai ce? Mijin Auta ne.

Masu babur suna da yarensu na hanya. In ɗaya ya hango 'yan sanda a gaba, sai ya daddaɓa tsakiyar kansa da tafin hannu, mai tahowa ya gani ya yi wa na bayansa, kafin ka ce me titi ya zama wayam, kowa ya faɗa lungu. Baba Faci ya san alamar nan kamar yunwar cikinsa. Sau nawa ya miƙe daga kan taya ya daddaɓa nasa kan don ya tserar da yaran nan? Sai ga shi yanzu yana zaune yana kallo, daga can mahaɗar hanya ana hango fitilar motar, ana daddaɓa kai, ana juyawa. Ƙofar sana'arsa ce ta zama wurin da ake gargaɗin juna a kai.

Da farko ya ɗauka za su gane mota ce kawai ba kowa a ciki. Wasu sun gane. Amma wa zai miƙe ƙafa ya yi hira da tambarin hukuma a bayan ƙeyarsa? Benci ya fara yin ƙura. Injin iska kan wuni bai yi tari ba.

Da motar aikin hukuma take yi, wataƙila da ya haɗiye. To amma shi ne mai gadinta, shi ya san abin da take yi. Da safe ta kai 'ya'yan Saje makaranta, in an makara a saki jiniya mutane su watse. Da rana ta ɗauko abincin kaji. Ran hutu ta kwashi kujerun haya, ko abokan Saje zuwa kallon ƙwallo, ko Auta a gidan gaba da gilashin rana za ta kasuwa. In ta dawo sai a kulle ta a bar ta, rediyon oba-oba na ciki yana ta surutu shi kaɗai. Baba Faci na ji ta tsagar gilashi: ana neman mota a wuri kaza, an yi hatsari a wuri kaza, akwai mai ji? Babu mai ji sai mai faci. Ranar da aka fasa shagon mai magani da rana tsaka, mutumin ya ruga ofishin 'yan sanda aka ce masa ya yi haƙuri, babu mota. Ya dawo ya tarar da ita a inuwa, buhunan siminti a bayanta. Ya juyo ya kalli Baba Faci, kallon da har yau bai bar tsohon ba.

Sai kuma aka yi kamen babura. Cikin waɗanda aka kama har da na Guntu, wanda kusan a kan bencin nan ya girma. Aka loda babur ɗin a bayan motar, Saje kuma maimakon ya wuce ofis, sai yunwa ta kama shi. Ya gangaro inuwar da ya saba, ya shige gida cin abinci, ya ɗan kishingiɗa. Babur ɗin Guntu ya wuni ɗaure da igiya a ƙofar Baba Faci, duk wanda ya wuce ya gani.

Maganar da ya ji a bakin famfo daga nan ta samo tushe.

Bai koma gindin bishiya da jarkar ba, gidan Auta ya nufa. Ya same ta tana shanya.

"Auta, ki gaya wa mijinki ya nemi wani wurin ajiye motar nan."

"Yaya, ina zai kai ta? Ka ga lungun namu."

"Ya mayar musu da abarsu. Ana ce min ɗan rahoto. Ni! Da furfurata!"

"Kai ma dai Yaya, maganar 'yan babur ce za ta hana ka barci? Hassada ce kawai. Ka san halinsa, in na taɓo zancen motar nan sai ya kwana bai yi min magana ba. So kake a ce dangina ne ba sa son ci gabansa?"

Ya dube ta, ya tuna lokacin da yake goya ta a bayan keke. Ya juya ya fita ba sallama.

A gida ma bai samu sauƙi ba. Matarsa ta ajiye masa kwano ta ce, "Sannu da aiki, mai gadin gwamnati. Yaushe za a ba ka kaki?"

"Ke, ki kiyaye ni."

"Ni ce daidai kiyayewa ai. Wanda ya zauna maka a kan abinci kuwa sai 'to Saje, sannu Saje'."

Ranar hutun Saje, wajen azahar, motar ta iso tana nishi, an shaƙe bayanta da bulo na ginin da yake yi. Ya fito cikin gajeren wando da silifas, yana kaɗa makulli a yatsa.

"Yaya, ya kasuwa? Bari in ɗan watsa ruwa, zafin nan ba dama."

Ya shige lungu. Ko minti nawa aka yi, oho, sai ga Guntu ya ɓullo daga mahaɗar hanya. Ya karɓo babur ɗinsa ke nan bayan wahala, ga shi kuma tayar baya ta kwanta. Yana turawa, gumi ya jiƙa masa riga. Baba Faci ya miƙe, har hannunsa ya kai kan ƙarfen ɓare taya. Guntu ya iso daidai bishiyar, ya sunkuyar da kai, ya tsallaka ɗaya gefen titin. Wani mai babur ya taho daga gaba, Guntu ya saki hannu ɗaya ya daddaɓa kansa.

A gaban Baba Faci. Yana tsaye yana kallo.

Baba Faci ya jefar da ƙarfen, ya laluba aljihu ya ciro ɗan makullin kwance bawul, wato matoshin iskar taya, ya durƙusa a gaban tayar farko. Murɗawa kaɗan, iska ta ƙwace da ihu. Ya zagaya ta biyu, ta uku, ta huɗu, yana yi yana magana shi kaɗai: "Tsaro kyauta! Ga tsaro nan!" Motar ta yi ta sauka a hankali da nauyin bulonta har ta zauna daɓas a kan ƙarafunta. Ƙarar ta fito da mai magani daga shago, ta tsayar da masu wucewa. Guntu ma ya tsaya can nesa ya waiwayo.

Daidai nan matarsa ta iso da kwanon abincin rana. Ta dubi motar, ta dubi mijinta yana huci, 'yan bawul huɗu a tafin hannunsa.

"To, sannu. Kai da kake so ta tashi, ka zaunar da ita. Yanzu wa zai ɗauke ta, kai ko ni?"

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Duk unguwar nan injin iska ɗaya ne, nasa. Wani cikin masu kallo ya tuntsire da dariya.

Saje ya fito da gudu, tawul a wuya, Auta na biye da shi tana gyara mayafi.

"Wane ɗan iskan ne ya taɓa min mota?"

"Ni ne ɗan iskan."

Saje ya yi turus. "Yaya? Ka san abin da ka yi kuwa? Dukiyar gwamnati ce fa!"

"Bulon ma na gwamnati ne? Abincin kajin fa? Kujerun biki fa, su ma hukuma ce ta aike ka?"

"Yaya, ka rage murya, mutane na ji."

"Su ji! Ai don su ji nake yi! Wata da watanni ina rage murya, me na samu? Ka dubi bencin nan. Ka dube shi! Da ko wurin ɗora ɗuwawu ba ka samu. Ka zo ka kafa min tambari a ka, ka ɗaure babur ɗin yaron mutane a ƙofata ka tafi ka yi barci, yau ana ce min ɗan rahoto. Faɗa musu! Ga su nan. Na taɓa kawo maka maganar wani?"

Saje ya dubi jama'a. Masu babur sun fara taruwa a tsallaken titi, injuna a kunne, ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Wace irin magana ce wannan? Ni ban taɓa..."

"Ɗaga murya! Ai kana da ita in za ka kori mutane a hanya!"

"Bai taɓa gaya min komai ba," in ji Saje, kamar ana zare masa haƙori.

Auta ta matso tana hawaye. "Yaya, don girman Allah, ka rufa mana asiri."

"Nawa asirin wa ya rufa, Auta?"

Cikin motar oba-oba ya yi ƙara, wata murya ta fara kiran lamba tana maimaitawa. Saje ya zabura ya leƙa ta gilashi.

"Ka ji ta ko?" in ji Baba Faci. "Kullum haka take kiranka. Ni nake saurare."

Saje ya share gumi da tawul, murya ta sauko. "Yaya, na ji. Ka sa min iska in kai ta ofis, ka ji an fara cigiyarta. In babbanmu ya ji wannan labari, kakina ne zai tafi."

"Sauke bulonka tukuna, injina ba ya ɗaga kayan sata. In ta tashi kuma ta tashi ke nan. Na sake ganin ta a inuwar nan, wallahi da ƙafata zan je in gaya wa babban naku inda take wuni."

Saje ya waiwaya, ya ga ba mai taya shi. Ya ajiye tawul ya hau bayan motar, ya fara sauke bulo ɗaya bayan ɗaya, silifas na zamewa. Ba wanda ya miƙa masa hannu.

Baba Faci ya ja igiyar injin iska. Ya yi tari ya mutu. Ya sake ja da dukan haushin da ke cikinsa, injin ya kama. Ya zuba bawul ɗin a aljihu, ya ɗauki tsumma ya kaɗe ƙurar benci, sannan ya juya ya fuskanci tsallaken titi. Guntu na nan tsaye riƙe da kan babur, bai matso ba, bai kuma tafi ba.

"Guntu," in ji tsohon, muryarsa ta dushe, sai ya gyara ta ya ɗaga yadda kowa zai ji. "Kai ka riga shi zuwa. Don Allah turo babur ɗin nan in duba maka tayar."