Gidan da Inna Mai Keke Ta Ɗinka a Bargo

Da mahaifin Auta ya lura da yadda Inna Mai Keke ta kifa bargon nan a kan tebur kafin ta ɗauki alli, da ya san akwai abin da zai karkace. Bai lura ba. Ita ma, duk da shekarunta a kan keken ɗinki, ba ta lura ba. Amma bari a fara faɗin wace ce ita.

Shagonta ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da fitilu. Kullum da safe takan share gabansa, ta ɗiga wa keke mai, ta gwada shi a kan tsumma, ta kasa kunne kamar mai sauraron numfashin jariri. Sana'arta barguna masu auduga: ƙyalle a sama, ƙyalle a ƙasa, auduga a tsakiya, sannan ta bi su da ɗinkin ado, furanni da ganyaye da igiyar ruwa. Daga tsakiya take farawa ta nufi baki. In ka tambaye ta dalili sai ta ce, "Auduga ai kamar yara ce. Ka kore ta daga gefe, sai ta taru a wuri ɗaya ta yi maka tsiya."

Mai gyaran takalmi shaida ne a kan ranar da ta mayar da wata mata da ta dage sai an jera duwatsun ado a bargon jinjiri. Inna ta ce, "'Yata, abin da ya faɗo daga bargo bakin yaro yake nufa. Zan yi miki taurari da zare, amma dutse kam sai dai a wani shagon." Matar ta tafi da fushi. Bayan kwana biyu ta dawo, aka yi taurari.

Mahaifin Auta, wanda shi ne mai wannan rubutu, direban motar kaya ne, mutum mai yawan fargaba. Ganin idon autarsa ya yi ta raguwa har ya tafi gaba ɗaya. Aka samo mata gurbi a makarantar kwana ta yara marasa gani, a wani gari mai nisa. Auta ta ce ba za ta ba. A gida ta san kowace kusurwa da tafin ƙafarta, a can kuwa ba ta san ko inda ƙofa take ba. Uban ya rasa yadda zai yi, sai ya sayo zare mai ƙyalli da ƙyalle launi-launi, ya kai wa Inna ta yi mata bargon tafiya.

Inna ta juya zaren a hannu, ta dube shi ta saman tabarau.

"Direba, wannan ƙyallin wa za ya gani? Kai ko ita?"

Ya hau murza hularsa.

"Zauna, ka daina murza hular nan, za ka kashe ta. Zana mini gidanku."

Ya zana mata a bayan kwali: ƙofar gida, famfo, kicin, ɗakin yara, ɗakinsa, da bishiyar da ke tsakar gida. Ta ce za ta ɗinka gidan da zare mai kauri, wanda yatsa zai iya bi. Irin wannan zare ba ya shiga kafar allura. Da hannu ake naɗa shi a matsayin zaren ƙasan keke, a kifa bargon, a yi zane a bayansa, a ɗinka ta baya. Adon yana fitowa ne a gefen da mai ɗinki ba ya gani, sai an gama an juya. Inna ta yi furanni da wannan dabara ba adadi. Sai dai fure ba ruwansa da dama ko hagu.

Ranar karɓa aka zo da Auta. Aka shimfiɗa bargon, Inna ta ɗora yatsan yarinyar a kan ƙofar gida. Yatsan ya shiga, ya juya dama, ya tsaya.

"Baba, wa ya ɗauke famfonmu?"

Ta lalubo shi a hagu. Ta lalubo kicin a inda ɗakin yara yake. Ta janye hannunta ta ɓoye a hammata.

"Wannan ba gidanmu ba ne."

Uban ya fara cewa ai ba komai, za ta saba, ga tafiya ta matso. Inna ta katse shi.

"Ba za ta saba ba. Yarinyar da ake so ta yarda da baƙon wuri, ba a fara mata da gidan ƙarya." Ta juya ga Auta. "Uwata, kin kama ni. Tsohuwa ta gina gida a juye. Za ki taya ni rushewa?"

Auta ta ce, "Ke ba ki iya gini ba."

"Ban iya ba. Shi ya sa nake neman shugabar magina."

Wanda bai taɓa warware ɗinkin ado a kan auduga ba bai san aikin ba. Ɗinki ɗaya-ɗaya ake tsinkewa, in hannu ya zame ƙyalle ya huje. Inna ta ajiye sauran ayyuka, ta ba masu su haƙuri. Kullum uban yakan sauke Auta a shagon kafin ya wuce lodi. Inna na tsinkewa, Auta na zare zaren, don yatsunta sun fi idon Inna gano inda ya saura. Da aka koma ɗinki, sai a ɗinka ɗaki ɗaya, a juya, Auta ta duba. Ita ta sa aka ƙara tudun da ke bakin kicin, wanda take tuntuɓe da shi, da ƙusar da ubanta ke rataya makullin mota. A ƙofar ɗakinsa Inna ta yi ƙulli babba, ta ce, "Wannan munsharin babanki ne." Mai gyaran takalmi ya ce har shagonsa ya jiyo dariyar yarinyar.

Sai daga baya uban ya gane abin da ya faru a gabansa. Yarinyar da ba ta yarda ta wuce ƙofar gida ba, ga shi ta yi kwanaki tana wuni a wurin da ba ta sani ba, har ta haddace inda almakashi yake. Ranar da aka gama, ita da kanta ta naɗe bargon ta ce, "Baba, a can ma akwai tebur irin wannan?"

Inna, ke ce mai warware aikin hannunki ba tare da neman wanda za ki ɗora wa laifi ba. Ke ce kika ga uba a ruɗe, kika ba shi kujera da kwali. Yanzu kin ce bayanki ya gaji, ƙarshen watan nan za ki rufe keke. Mun gode. Allah Ya saka miki, Ya huta gajiyarki. Masu sana'a kuma, in an kawo muku aiki, ku tambaya kamar yadda take tambaya: wa zai yi amfani da shi, kuma da me zai taɓa shi?

Auta ta tafi makaranta. Malamar ɗakin kwanansu ta ce Auta takan kwanta da yatsa a kan babban ƙullin nan. Wasu ranakun tana cin abinci, wasu ranakun tana kuka. Ko za ta zauna har ƙarshen zango, ubanta bai sani ba tukuna.