Masinja a Sirdin Baya

Shekarar da aka zuba kwalta a titin asibiti, ita ce shekarar da Masinja ya fara haɗuwa da Tela. Lokacin an ɗauke shi aiki a ofishin ruwa, an ba shi wandon kaki da ya yi masa yawa a ƙugu, ya kai a rage masa. Tela ya auna shi, ya ɗaga wandon, ya ce in aka yanke abin da ya kamata, ragowar za ta isa a ɗinka wa wani masinjan. Daga wannan ba'ar abota ta kama. Tela na ce masa Dogo, shi kuma yana ce wa Tela Gajere, har furfura ta cim musu.

A wancan zamani masinja ba ya tambayar hanya, shi ake tambaya. A kan baƙin kekensa mai birkin ƙarfe ya yi aikinsa har ya yi ritaya, kuma babu lungu ko rami a garin da bai san da zamansa ba. Idan abokai sun fita yawon keke ranar hutu, shi ne a gaba.

Sai ido ya fara. Gefe da gefe ya soma rufewa, har ya koma kamar mai leƙe ta bututu. Likita ya ce hawan jinin ido ne, da an gano da wuri da an tsayar da shi, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Asibitin kuwa ba shi da na'urar awon. Wannan ya sa abokansa na keke suka yanke shawarar su taka har babban birni, kwana da kwanaki, suna tsayawa gari gari jama'a na ba da gudummawa a sayi na'urar. Masinja ya san ba za ta amfane shi da komai ba. Duk da haka ya ce da shi za a tafi.

Mai walda ya ce zai iya haɗa keke mai sirdi biyu, mai ido a gaba, Masinja a baya, amma sai an yanka kekuna biyu.

"Nawa dai ba za a sa masa zarto ba," in ji Masinja.

 Washegari Tela ya tura nasa zuwa rumfar mai walda, ya haɗa da wani tsoho na ɗansa da ke yashe a bayan shago.

Abin da ya fito dogo ne kamar tsani. Hannun tuƙin da aka yi wa Masinja a baya an like shi da walda, ba ya juyawa, ba shi da birki. Aikinsa kawai ya taka feda. Suka fara gwaji a filin ƙwallo, Tela a gaba, ya tafi daidai. Da suka hau titi ne matsala ta taso.

"Dogo, daina tuƙa ni!"

"Ni ban tuƙa ka ba."

"To wa ke murɗa ni ta baya, aljani?"

"Akwai rami gaban famfon nan, ka kauce."

"An cike shi tun kafin a aurar da babbar 'yarka. Famfon ma an cire shi!"

 Garin da ke cikin kan Masinja ba shi ne wanda ke ƙarƙashin tayar ba. Duk inda ya san akwai kwana, jikinsa sai ya karkata tun kafin ya yi tunani, yatsunsa su matse birkin da babu. Ya gwada rufe ido gaba ɗaya, abin ya ƙara muni, don a cikin duhun tsohon garin ya fi fitowa sarai.

Autarsa, wadda ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarta, ta ce, "Baba, ka saki jikinka kawai mana."

"Na sake shi, 'yar nan. Shi ne ba ya jin maganata."

Wata safiya suna gangarowa ta bayan kasuwa, inda a da hanya ke zagaye wata katuwar bishiya. An sare bishiyar, an miƙar da titin, amma Masinja ya kwanta hagu da dukkan nauyinsa. Suka zube a kwata. Shi bai samu ko ƙwarzane ba. Yana laluben ƙasa sai ya ji Tela na numfashi ta haƙora.

"Gajere, ina ka bugu?"

"Ba komai. Hannu ne."

"Wanne?"

"Na almakashi."

Targaɗe ne, ba karaya ba, amma shagon ya yi kwanaki keken ɗinki bai yi ƙara ba. A nan abokan suka taru da yamma. Kowa na zagaye maganar, wannan ya ce hanyar birni akwai manyan motoci, wancan ya ce akwai gangara. Masinja na zaune a kan benci, yana jin yadda muryoyin ke kauce wa inda yake.

Tela ne ya katse su. "In Dogo ba ya zuwa, ni ma na fasa. Da wane keken ma zan je? Nawa ya zama rabi." Ya yi dariya, aka taya shi kaɗan.

Masinja bai yi dariya ba. Ya san Gajere ne ya fi kowa ɗokin tafiyar nan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan kujera ɗaya yana kallon bango, shi ya ɗinka wa kowa jakar kaya, shi ke tambayar direbobi sunayen garuruwan da za a ratsa. Masinja ya so ya ce zai gyara, a ƙara gwadawa sau ɗaya. Amma ya riga ya faɗi haka sau da yawa, kuma duk lokacin da gaske yake.

Da hannun Tela ya warware, saura 'yan kwanaki a tashi, Masinja ya sa Auta ta fito masa da baƙin keken tsakar gida. Ya bi shi da tafin hannu daga taya zuwa taya, ya ɗiga wa sarƙa mai, ya ƙara iska. Sannan ya nemi sifana, ya kwance sirdin, ya sauke shi ƙasa har sai da ya ƙi ƙara sauka, ya ɗaure tamau.

"Tura shi shagon babanki Tela."

Auta ta tsaya tana kallonsa. "Baba, kai fa?"

"Ni na gaji da faɗuwa a kwata."

"To me zan ce masa?"

"Kada ki ce komai. Ki jingine shi jikin bango ki dawo." Ya goge hannunsa da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa. "In ya tambaya, ki ce birkin gaba yana ci da yawa, ya riƙa kama na baya tukuna."